Me ya hana karan dawa ruɓewa?

Kana tambaya me ya sa ganyen da muka zuba a ramin taki ya narke tuni, ɓawon fara ma ya ɓace, amma karan dawa yana nan kamar jiya aka sare shi.

Matso, yaro. Ɗebi takin nan ka shinshina. Ka ji ƙamshin ƙasa irin na ruwan fari? Wasu bakteriya ne masu suna Streptomyces ke fitar da shi, kuma suna cikin manyan leburorinmu a ramin nan. Ba su da baki balle haƙori. Furotin suke zubowa a jikin abin da za su ci, furotin ɗin ya yayyanka, su tsotse romon.

Ganye da kara duk salulos ne, wato sukari da aka jera kamar carbi, aka haɗe silin gam. Ɓawon fara da na jatan lande kaitin ne, ɗan'uwansa, sai dai shi yana ɗauke da naitirojin, abin da muke saye da tsada a buhun yuriya. Kowanne da wuƙarsa, wato furotin ɗin da ke yanka shi. Wuƙaƙen nan da ruwa suke yanka, shi ya sa nake hana ka barin ramin ya bushe. In ka matse taki a hannu, ya dunƙule, amma kada ya yi tsiyaya.

Inda silin ya haɗe ƙam kuwa, wuƙa ba ta samun mashiga. A 2010 masu bincike a Norway suka gano aikin wani furotin da ke fara sara a irin wannan wuri, kamar gatari kafin wuƙa. Ƙwayar jan ƙarfe guda ce a bakinsa, kuma da iskar oksijin yake aiki. Ka ga juyin da nake sa ka yi duk mako ba mugunta ba ce.

Shi kara, bayan salulos yana da lignin, wani daskararren abu da ya lulluɓe silin kamar siminti. Wannan sai fumfuna ta fara ɓarke shi, ko gara ta tattauna, kafin bakteriya su samu shiga sosai.

Ɗauko adda ka sassara karan nan tsawon yatsa, ka jiƙa, ka barbaɗa kashin kaji a kai. Jibi ka cusa hannu tsakiyar ramin. In ka ji zafi kamar tukunyar da aka sauke, sun kama aiki.