Ƙuda a kan furen wardi: ma'ana ce ke sa tsohon zane tsada?

Tambaya: Na ga wani tsohon zanen Turai da aka buga daga farantin jan ƙarfe. Akwai furannin wardi da tulif, ga malam-buɗe-littafi a sama, ga ƙuda a kan ganye. Mai sayarwa ya ce kowane ƙwaro da ma'anarsa, shi ya sa ya tsawwala kuɗi. In saya?

Amsa: Malama, maganarsa da ƙamshin gaskiya. A zanen furanni na Holan a ƙarni na 17, ƙuda da ganyen da tsutsa ta ci tunatarwa ce cewa komai kyan abu zai ruɓe. Malam-buɗe-littafi kuwa alamar rai ne da tashi bayan mutuwa, saboda yadda yake fitowa daga kwanson tsutsa. Wardi soyayya, farin lili tsarki. Tulif kan yi nuni da almubazzaranci, musamman bayan kasuwarsa ta rushe a 1637.

Sai dai ba kowane ƙwaro ne ke wa'azi ba. Maria Sibylla Merian, mai zane kuma masaniyar ƙwari, wadda ta tafi ƙasar Suriname da ke Kudancin Amurka a 1699, ta zana tsutsa a kan tsiron da take ci ne don ilimi. Ma'ana dai kowa na iya laƙaba ta da baki, don haka kada ki biya ko sisi dominta. Takarda da bugu za ki duba.

Ki ɗaga takardar ki fuskanci haske. Ta kafin 1750 tana da siraran layuka a jere, da wasu da suka gitta su, tazararsu kamar santimita biyu da rabi. Sannan ki shafa gefen hoton a hankali, za ki ji lotsawar da bakin faranti ya bari. Ana iya ƙirƙirar wannan lotsawar, saboda haka ki sa gilashin da ke ƙara girma sau 10: layin gaske tawadarsa a tashe take kaɗan, kuma sau da yawa yana sirancewa a ƙarshe. Idan kika ga ɗige-ɗige a jere kamar hoton jarida, kwafi ne.

Ki juya bayanta kuma. Tsohon koren fenti mai jan ƙarfe yakan ratsa takarda ya bar tabo ruwan ƙasa. Rashinsa na iya nufin daga baya aka shafa launin.

Tambaya: Nawa zanen yana da ɗige-ɗigen tsatsa. In wanke?

Amsa: Kul, Malam! Danshi ne ya jawo su, ruwa kuma zai narkar da launin. Ka kai wa masu gyaran tsofaffin takardu, sannan a sa masa kwali marar asid, a rataye shi inda rana ba ta bugunsa.