Ɗana ya ce wiwi magani ce tunda Turawa sun halatta ta

Tambaya: Likita don Allah a taimaka min. Ɗana ne ɗan shekara 19, na tsinci ƙullin wiwi a aljihun wandonsa, maimakon ya ji kunya sai ya zaro waya yana nuna min wai Kanada da Jamus sun halatta, wai ganye ne kuma magani. Na rasa me zan ce masa, kwana biyu ko runtsawa ban yi ba.

Amsa: Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Bai yi ƙarya ba a kan halattawar, Uruguay ce ta fara a 2013, Kanada a 2018, Jamus a 2024. Amma wayon masu kamfen ɗin halatta wiwi shi ne suna cusa abu uku a buhu ɗaya: kada a ɗaure mai sha, a bari a yi magani da ita, sai kuma a bari a sayar a shago gwamnati ta karɓi haraji. Na farkon ko ni ina da tausayi a kai, don yaro ya shiga gidan yari da wiwi ya fito da abin da ya fi ta. To da ka gyaɗa kai a nan sai su ja ka har na ukun ba ka ankara ba. Kuma ko a Kanadan da Jamus ɗin, ɗan ƙasa da 18 ba ya cikin lissafi. Tailan ta saki a 2022, zuwa 2025 ta dawo tana neman takardar likita.

Maganar "ai ganye ne" kuwa ita ta fi ƙona min rai, kusan kullum sai na ji ta a ɗakin duba marasa lafiya. Zaƙami ma ai tsiro ne, wa ya taɓa ba ɗansa ya ce Allah ne ya halitta? Eh, akwai magani daga wiwi, Epidiolex, Amurka ta amince da shi a 2018 don wasu nau'ukan farfaɗiyar yara masu tsanani, amma sinadarin CBD ne aka tace aka auna, ba ya bugarwa. Abin da yaranmu ke naɗawa a bayan layi sinadarin THC da ke cikin wiwi suke nema, shi ne mai juya kai, kuma wiwin yanzu ta ninka ta shekarun baya ƙarfi, ga su Loud, ga Colos da ake fesa wa kemikal wanda mai sayarwan ma bai san mene ne ba. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, wanda ya fara tun yana matashi kusan ɗaya cikin shida sai jarabar wiwin ta kama shi, mai shan mai ƙarfin kullum kuma haɗarin taɓin hankalinsa ya ninka. Na ga yaro ɗan jami'a ya manne kyamarar wayarsa da salatif, ya ƙi cin tuwon uwarsa wai an sa masa guba. Wata takwas ana yawo da shi wajen masu cire aljanu, ana hayaƙi ana duka, har shatin mari a ƙafarsa, kafin a tuna akwai asibiti.

A Najeriya dai har yanzu laifi ne, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ba ta tambayar me Kanada ta yi. Kada ki kore shi, kada ki kai shi gidan mari. Ki lura ko yana dariya shi kaɗai, ko ya daina barci, ko yana zargin 'yan gida. Ko ɗaya kika gani ki kai shi asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa, Dawanau a Kano ko Barnawa a Kaduna ko Kware a Sakkwato, a wannan satin.