Saba mai layin intanet biyu, amma ta ɗaya take fita

Malam, ka ce sabarka (kwamfutar da ke yi wa wasu na'urori hidima) mai aiki da manhajar Linux tana da layin faiba da na 4G, amma komai ta faiba yake fita, saƙon da ya shigo ta 4G kuma shiru, ba amsa. Dalili shi ne ƙofar fita (gateway) guda take ɗauka daga babban teburinta, wato jerin hanyoyin da take dubawa kafin ta aika saƙo.

Sai ka ba kowane layi teburinsa. Rubuta sunayen teburan a fayil ɗin /etc/iproute2/rt_tables, ka sa wa kowanne ƙofarsa da umarnin ip route, sannan ka ba da umarnin ip rule add from tare da adireshin IP na katin sadarwar kowane layi, don amsa ta koma ta inda saƙo ya shigo.

Na taɓa raba dare a wani ofis a Barnawa kan wannan, ashe rp_filter, saitin Linux mai tantance hanyar da saƙo ya shigo, ce ke zubar da saƙonni ba ko sallama. Mai da lambarta 2, don ta sassauta. Kada ka kuskura ka yi gyaran ta SSH (hanyar shiga saba daga nesa) daga gida, kuskure ɗaya sai ka nemi keke zuwa ofis. Kuma da an ɗauke wuta sabar ta sake tashi, umarnin ya tafi, sai in ka adana shi a netplan, manhajar adana saitin sadarwa, ko makamancinsa.

In adireshin IP ɗaya kake so ta kamfanonin intanet biyu, wannan aikin BGP ne, wato tsarin da kamfanonin sadarwa ke sanar da juna hanyoyi da shi, nemi injiniyan sadarwa.