Tambayoyinku: Gyaran Shafin Kwas a Intanet

Malam, ina koyarwa ta Moodle, manhajar koyarwa a intanet. Ina son canja launin shafin baki ɗaya, na duba ko'ina ban ga wurin ba.

Ba za ka gani ba, don ba hurumin malami ba ne. Fasalin shafin gaba ɗaya, irin su Boost da Classic, a hannun admin yake, wato mai kula da shafin makarantar. Sai ya ba malamai izinin zaɓa wa kowane kwas fasalinsa, sannan wurin zai bayyana a setin ɗinka. Je ka lallaɓa shi.

Na ƙawata kwas ɗina sosai: ƙaton hoto a sama, jan rubutu a kan kore, hotuna masu motsi, kowane mako da launinsa. Amma kullum ɗalibai na cewa ba su ga aikin gida ba. Ba lalaci ba ne kuwa?

Malama, Allah Ya ba ki haƙuri, amma yau ina bayan ɗalibai. Kin mai da shafin karatu ɗakin amarya, kowane lungu da jere, babu wurin aje ƙafa.

Ke a kwamfuta mai faɗin allo kika tsara shi. Su kuwa da yawansu a waya suke buɗewa, inda komai ke jeruwa ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Sai ɗalibi ya wuce hotonki, ya wuce saƙon maraba, ya wuce furanni masu ƙyaftawa, yatsa ya gaji, data ta tafi, bai kai ga aikin ba. Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai megabait uku ko fiye. Ni ba na ɗora wanda ya wuce kilobait 200, kuma guda ɗaya ya isa.

Jan rubutu a kan kore kuwa zalunci ne. Akwai masu matsalar bambance waɗannan launuka biyu, musamman maza, kuma ba kowa zai faɗa miki ba. Ƙa'idar WCAG, wadda aka tsara don masu naƙasa su iya amfani da shafukan intanet, ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 zuwa 1. Baƙi a kan fari ya wuce haka nesa ba kusa ba, kyauta. Ga kuma abin takaici: manhajar Moodle ta waya da nata fasalin take zuwa, don haka wani ɓangaren wahalar da kika sha ko ganinsa ba sa yi.

Inda ya kamata ki kashe lokaci shi ne sunaye. Tun fitowar Moodle 4.0 a 2022, jerin da ke gefen hagu daga sunayen sassa da ayyuka yake haɗa kansa. In kin bar su "Batu 1", "Batu 2", abin da ɗalibi zai gani ke nan. Rubuta "Mako na 3: Rubutun wasiƙa", aikin kuma ki kira shi "Aikin mako na 3". Kowane mako ya bi tsari ɗaya: bayani, karatu, aiki. In kwas ɗin ya yi tsawo, zaɓi nuna sashe ɗaya a kowane shafi.

Sannan kafin ki saki komai, sauya matsayinki zuwa na ɗalibi, ki buɗe a waya, ki nemi aikin da kanki. Na sha nanata wannan a filin nan, kuma ba zan gaji ba.

A Canvas, wata manhajar koyarwa irin Moodle, menu ɗin hagu ya cika da abubuwan da ba na amfani da su.

Shiga setin na kwas, buɗe sashen menu, ja waɗanda ba ka so zuwa jerin ƙasa. Danna adanawa a can ƙarshe, wanda na san za ka manta. Kai za ka ci gaba da ganin wasunsu da alamar ido a soke, ɗalibai ne ba za su gani ba.

Na canja tambarin makaranta, amma tsohon nake gani har yanzu.

Burauzarka ce ta riƙe tsohon. Danna Ctrl da F5 tare. In ya ƙi, kuma Moodle ne, admin ya share ma'ajiyar wucin gadi ta shafin. In kai ne admin ɗin, to, ban ji wannan tambayar ba.