Jaki ba ya ɗaukar kayan raƙumi

Tun jiya kake bina da tambaya ɗaya: "Oga, 'yar laftof ɗin nan da yayana ya ba ni za ta ja gem kuwa? Ina so in fara buga na intanet da abokaina." Yau ma ka maimaita ina riƙe da ƙarfen dalma. To ajiye burushin nan ka jawo benci. Wata 7 kana shagon nan, ko sau ɗaya ba ka taɓa tambayata yadda ake gwada caja da mita ba, sai gem. Ba don tambayar ta burge ni zan amsa ba. Tsohon miki ka taɓa mani.

Kawo ta nan. Ka ga abin da aka rubuta? Firosesa, wato ƙwaƙwalwarta, Celeron ce; ram, wato inda take ɗora aikin da take kan yi, giga 2; ma'ajiya giga 32. Irin wannan, ram ɗin da ma'ajiyar duk a manne suke jikin bod, wato babban allon da ke cikinta, ba a cirewa, ba a ƙarawa, yadda ta zo duniya haka za ta koma. Windows 10 kaɗai ya cinye fiye da rabin wurin. Kakanninta na sani tun kana rarrafe. A 2007 Asus suka fito da Eee PC, a 2008 Intel suka kawo firosesar Atom, sai kowane kamfani ya shiga yin tashi 'yar laftof ɗin: sikirin inci 10, ram giga 1, ga rashin nauyi kamar littafi. Don rubutu aka yi su, da duba saƙo, da karatu. Ba su da katin hoto nasu na kansu, daga ɗan ram ɗin nan suke aron abin da za su zana hoto da shi. Mai aron riga kuwa ba ya kokawa da ita.

A 2013 shagona na wajen Ƙofar Ƙaura, ɗan ƙarami, mutum 2 ba sa juyawa a ciki. Na tattara duk abin da na mallaka na tafi Kano, Titin Beirut, na sayo irin waɗannan 'yan gwanjo guda 8 masu Atom. Niyyata in sayar wa ɗaliban Poli masu rubuta furojet, ɗaya bayan ɗaya, in ci ribata a hankali. Kwana 3 da dawowata sai ga wani ya faka mota a ƙofar shago. Shadda sai ƙyalli take, ga turare, ga makulli yana kaɗawa a yatsa. Wai guda 6 yake so, zai buɗe wa ƙaninshi gidan gem, yara su riƙa buga ƙwallo suna biya. Wace ƙwallo? PES 2013. Na ce mashi ranka ya daɗe, waɗannan ba za su ja ta ba, ko an yi masu rubutu sun sha. Ya yi dariya ya ce, "Injiniya, kai dai saka abin da ya samu."

A nan ya kamata in ce mashi Allah ya ba da sa'a, ya nemi wani. Amma 6 a tashi ɗaya! Kwaɗayi ya rufe mani ido. Na cire ram ɗinsu na saka masu giga 2 kowace, iyakar abin da Atom ɗin ke ɗauka ke nan, kuma daga aljihuna. Na saka Vice City, na saka Counter-Strike 1.6, na saka PES 6 wadda ke tafiya da ɗingishi in an rage komai. Muka yi ciniki naira dubu 25 kowace. Ya ƙirgo dubu 70, ya ce sauran ƙarshen wata. Ban rubuta ko layi ɗaya ba. Mutum mai irin wannan shadda, ina ni ina ce mashi ya sa hannu?

A watan Maris ke nan. Ka san Afirilun Katsina, zafi ya haura 40, ko ƙadangare neman inuwa yake. Ashe ɗakin da suka zuba su rufin kwano ne, ba silin, taga ɗaya. A kan kafet suka jera su, ƙasa-ƙasa, yara sun yi masu rumfa tun hantsi har bayan isha'i, ɗan ƙaramin janareta na ta kuka a waje. Wani mai ganin ya iya kuma ya je ya cusa masu PES 2013 ɗin da na hana.

Mako 5 sai ga shi da buhun shinkafa. Ya zazzage su a kan teburina kamar dankali. 4 ba sa ko numfashi. Ya ce na sayar mashi da ruɓaɓɓen kaya, a ba shi kuɗinshi. Na buɗe ta farko a gabanshi. Fankar ta toshe da gashin kafet da ƙura, na zaro shi da tsinke ya fito dunƙule guda kamar audugar katifa. Maɓallan kibiya duk sun karye. Na leƙa gurbin ram, wayam. Ta biyu, wayam. Duka 4 an zare ram ɗin da na saka, an kuma musanya batir 3 da matattu. Na ɗago na dube shi, ya kau da kai yana danna waya.

Wurin mai unguwa muka ƙare. Dattawa suka tambaye ni ina takarda. Babu. Ina shaida? Babu, sai yaron shagona na lokacin, shi kuwa aka ce yaro ba zai ƙi bayan ubangidanshi ba. Aka ce a yi sulhu, a duba zumunci, in mayar da dubu 70 in riƙe gawarwakina. Kuɗin kuwa tuni na zuba su a kaya. Babur ɗina na sayar, jan babur da ban shekara da saye ba. Shekara guda cur ina takawa daga gida zuwa shago, ranar da na samu in hau acaba.

Abin da ya fi ci mani rai bai zo ba sai bayan wata 2. Ni duk ram ɗin da ya bi ta hannuna ina ɗiga mashi jan farce a gefe, ɗigo ɗaya, har yau ka ga ina yi. Na je wajen wani abokin sana'a neman sukuru, ya jawo tirenshi, sai ga ram 3 da jan ɗigona suna kallona. Na ce wa ya kawo maka? Ya ce wani mai shadda. Har gobe in muka haɗu wajen ɗaurin aure sai ya ɗaga hannu ya ce "Injiniya!" kamar tare muka yi makarantar allo.

To, taka. Yadda ake saka gem ba zan ɓata bakina ba, ɗan firamare ma ya iya. Abin da za ta ja shi ne tsofaffi, na wajen 2005 zuwa baya: Vice City, Counter-Strike 1.6, Age of Empires II, da ƙanana irin su Zuma. Ka shiga saitin ka maida hoton 800 da 600, ka kashe inuwa da duk wani ado. GTA V da nake ji kuna ambato, lokacin da ya fito a kwamfuta a 2015 giga 65 yake nema, ya ninka cikin 'yar taka gaba ɗaya. Taka ko fanka ba ta da ita, ta jikinta zafin ke fita, in ta yi zafi kuma firosesar da kanta take rage gudu, shi ne za ka ga hoto na tsalle-tsalle. Kar in gan ta kan katifa. Ka ɗora ta kan tebur, ka sa marfin kwalba a kowace kusurwa iska ta ratsa, caja a jone, don a kan batir rowar ƙarfi take.

Na intanet kuma, ku yaran yanzu kuna zaton yawan data ne magana. Abin dubawa shi ne fing, wato lokacin da saƙonka ke ɗauka ya je sabar gem ɗin, babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, ya dawo. Sabobin nan yawanci suna Turai ko Afirka ta Kudu, kai kuwa kana Katsina da netwok ɗin waya. In ka ga ƙasa da 100 ka yi hamdala. In ya haura 200, za a harbe ka ka faɗi kafin ka ga wanda ya harbe ka. Ka zaɓi sabar da lambarta ta fi ƙanƙanta, ka jona wayar da kebul maimakon ta iska, ka saita Windows cewa datarka a ƙididdige take, in ba haka ba kana tsakiyar wasa zai fara sabunta kanshi ya shanye maka kati. In abokan naka unguwa ɗaya kuke ma, ku haɗu ɗaki ɗaya ku jona kwamfutocin da juna, Counter-Strike ba ya buƙatar ko sisin data a haka. Duk wanda ya ce ka ba shi kalmar sirrinka zai ƙara maka maki, ɓarawo ne. Duk shafin da ya ce ga sabon gem kyauta, bairos za ka kwaso, kuma wallahi ka jona filashin nan a kwamfutar shagona, ranar za ka koma gida. Makon farko za a yi ta kashe ka kamar sauro, kar ka zagi uwar kowa. Gaskiyar da ba ka so ma, wayar da ke aljihunka ta fi wannan abar ƙarfi.

Tashi ka ɗauko mita, yau sai ka gwada cajar can. Baƙar laftof ɗin da ke ƙarƙashin benci kuma kar ka taɓa ta. Ɗan mai shaddar ne ya kawo ta makon jiya, wai sikirin ya fashe. Na ce ya je ya turo ubanshi, ya zo da kuɗi a hannu, biro kuma ina da shi.