Dunduniya ta hana ni sakat: allura zan yi ko takalmi zan saya?

Wani matashi daga Jega ya rubuto: "Yayana, ina buga ƙwallo kusan kullum da yamma. Wata 2 ke nan in na tashi sallar asuba na taka ƙasa sai in ji kamar ƙusa aka kafa min a dunduniya, in na ɗan yi tafiya ya lafa, in na zauna na tashi ya dawo. Mai kemis ya ce akwai allurar da ake yi a wurin, abokaina sun ce but ne in canza. Naira dubu 25 gare ni, mi za ni yi?"

Ƙanena, ajiye maganar allurar nan tukuna. Yadda ka faɗa ɗin nan ya yi kama da ciwon wata jijiya mai faɗi da ta taso daga ƙashin dunduniya ta shimfiɗu a tafin ƙafa har gindin yatsu, likitoci na ce ma ciwon plantar fasciitis. Gudu da tsalle a kan busasshen fili ke wahalar da ita, da dare in kana barci ta takure, kai kuma da asuba ka ɗora mata nauyinka gaba ɗaya, shi ya sa takun farko ya fi zafi.

Allurar da ake nufi ta sitiroyid ce, wani maganin kumburi mai ƙarfi, tana kwantar da ciwon na ɗan lokaci, amma in aka yawaita ta tana iya cinye kitsen da Allah ya sa ƙarƙashin dunduniya kamar katifa, wani ma jijiyar ce ke tsinkewa. Likita ke yanke shawarar yin ta bayan an gwada sauran hanyoyi sun ƙi, ba aikin mai kemis ba ne wallahi.

Kuɗinka kai su wajen takalmi, amma ba but ba. But mai haƙora don ciyawa aka yi shi, kai kuma filin da kuke bugawa da rani na san bai da maraba da siminti. Nemi kambas mai kaurin ƙasa ta wajen dunduniya, in ka ɗauka ka lanƙwasa shi, in ya lanƙwashe ta wajen yatsu kawai to ya yi, in ya naɗe ta tsakiya kamar tabarma mayar ma mai shi. Matsa bayansa ka ji da tauri. In gwanjo ne juya shi ka duba, wanda dunduniyarsa ta cinye gefe guda ya gama aiki ko da samansa na sheƙi. Kuma ka je gwaji da yamma, ƙafa ta fi kumbura lokacin.

Sauran maganin kyauta ne, shi ya sa mutane ke raina shi. Kafin ka sauko daga gado kama yatsun ƙafar ka ja su sama ta wajen ƙwauri har ka ji tafin ya miƙe, riƙe daƙiƙa 10, yi sau 10. Da rana dafa bango, ƙafar mai ciwo a baya, dunduniya a ƙasa, gwiwa a miƙe, ka karkata gaba har ka ji sha-raɓarka na ja, daƙiƙa 30 sau 3. Bayan ka dawo yawo samu robar ruwa da ta yi ƙanƙara ka taka kana murza ta minti 10 zuwa 15. Ƙwallo kuma ka ɗan jingine ta na makonni, hau keke in jiki na son motsi, na san nan ne za mu ɓata da kai amma gaskiya ke nan. Abin yana ɗaukar watanni, wani har kusan shekara, sai dai mafi yawan mutane suna warkewa ba tiyata.

Wata malamar makaranta daga Birnin Kebbi ta ce tana tattaki da safe don rage ƙiba, an yi mata hoton ƙafa an ga ɗan tsinin ƙashi a dunduniya, ga kuma masu tallar shimfiɗar cikin takalmi mai tsada a Facebook, ta saya?

Malama, tsinin nan kar ya tayar miki da hankali, mutane da yawa suna da shi kuma ba su taɓa jin ciwo ba. Fara da ɗan matashin dunduniya na roba mai laushi da ake sawa cikin takalmi, mai arha, ki sa a ƙafa biyu kar ki riƙa ɗingishi. Abin da na fi zargi ma silifas ne, wannan falalen da ake yini da shi a aji, da yawo ba takalmi kan tayil a gida. Maganin ciwo irin ibuprofen ko diclofenac na 'yan kwanaki ne, mai olsa ko ciwon ƙoda ko juna biyu sai da izinin likita. In kina da ciwon suga, ko ƙafar na yin dindiris ko kumburi, ko an yi makonni ba sauƙi, ki je asibiti, ga Sir Yahaya nan cikin gari, ki tambayi ɓangaren gashin ƙashi.

Akwai kuma wani daga Argungu da ya ce a yi masa ƙaho a wurin? A'a Baba, ba mataccen jini ba ne, ciwo kawai za a ƙara maka a inda kake takawa.