Tambaya da Amsa: Ina Binciken Laida Ya Kai, Ina Kuma Ya Dosa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni ɗalibi ne a fannin labarin ƙasa. Na ji ana cewa na'urar laida tana auna tsayin bishiyoyi daga sararin samaniya. Yaya take yin haka, kuma wane ci gaba aka samu a 'yan shekarun nan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Laida tana harba hasken leza ne, ta jira ya bugi abu ya dawo, sannan ta lissafa tazarar daga lokacin da ya ɗauka, tunda an san haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Idan aka harba shi cikin daji, wani ɓangarensa yakan dawo daga ganyen da ke can ƙololuwa, wani daga rassa, wani kuma ya kutsa ta 'yar kafa har ya taɓa ƙasa, kuma ratar da ke tsakanin dawowar farko da ta ƙarshe ita ce tsayin bishiyar. Da wannan dabarar, daga jirgin sama, aka gano gine-ginen mutanen Maya na zamanin dā fiye da 60,000 da dajin Guwatamala ya lulluɓe, kamar yadda aka sanar a 2018.

A 2018 ɗin ce kuma fannin ya yi babban tsalle a sararin samaniya. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba tauraron ɗan'adam ICESat-2, wanda ke sakin haske sau 10,000 a daƙiƙa yana ƙirga ƙwayoyin hasken da suka dawo ɗaya bayan ɗaya, domin auna yadda ƙanƙarar doron duniya ke ƙaruwa ko raguwa. Abin sha'awa, koren haskensa yana ratsa ruwa mai garau, har aka riƙa auna zurfin bakin teku da shi, alhali ba don haka aka ƙera shi ba. Na'urar GEDI, wadda ta fi kusa da tambayarka, an liƙa ta ne a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, tana auna dazuzzuka a da'irori masu faɗin kusan mita 25. Turai ma ta harba tauraron Aeolus, wanda ya auna gudun iska da laida har zuwa 2023.

Sai dai akwai giɓin da a ganina shi zai fi cin lokacin masu bincike nan gaba. Laidar da ke sararin samaniya ba ta ɗaukar hoton ƙasa gaba ɗaya; layi-layi take bi, ta bar fili mai yawa a tsakani, kuma gajimare mai kauri yana tare haskenta. Shi ya sa ake haɗa awonta da na rada, na'urar da ke aiki da igiyoyin rediyo masu ratsa gajimare, da hotunan taurarin ɗan'adam, a koya wa kwamfuta ƙiyasta wuraren da hasken bai taɓa ba. Ƙiyasin ba ya zama abin dogaro sai an je daji an gwada shi da awon hannu, kuma dazuzzukan da suka fi buƙatar awon su ne suka fi ƙarancin masu yin sa.

Ta fuskar iska kuwa, tauraron EarthCARE na Turai da Japan ya tashi a 2024 da laidar da ke nazarin gajimare da ƙura, Faransa da Jamus kuma suna shirya MERLIN domin auna iskar metan da ke ɗumama duniya.